Hattara da masu yawo gida-gida da sunan duba bututun draya a Madina da Adenta

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Ni mai gyaran firji da injin wanki ne, shekara 14 ke nan ina wannan sana'a a unguwar Madina da ke Accra, a Ghana. Abin da zan faɗa muku a gidan gwaggona ya faru, a Adenta, kuma da hannuna na kwance ɓarnar da aka yi mata. Duk mai injin busar da kaya a gida, wanda muke ce wa draya, ko mai shagon wanki da guga, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Ɗanta da ke Ingila ne ya aiko mata injin ta jirgin ruwa, aka ɗauko daga Tema, saboda jikoki sun yi yawa a gidan kuma idan damina ta kankama a watan Yuni kayan makaranta sai su kwana biyu a igiya ba su bushe ba. Ni na kafa mata shi. Na huda bango, na sa bututun ƙarfe mai faɗin inci 4, tsawonsa bai kai mita 2 ba, lanƙwasa ɗaya tak, da murfi a waje mai buɗewa idan iska ta turo shi. Shekara biyu yana aiki lami lafiya.

Wata Talata da hantsi, lokacin da maza sun fita nema yara suna makaranta, mutum biyu suka buga ƙofa. Sun sa riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, da kati rataye a wuya da fayil a hannu. Ɗaya yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa: "Hajiya, ina kwana, ina gajiya? Mu ne hukumar kashe gobara ta turo, muna bin gidajen da ke da draya." Murfin bututun suka hango daga titi, shi ya nuna musu gidan da za su shiga. Ya kawo mata zancen gobarar kasuwar Kantamanto ta ranar 2 ga Janairun 2025, yadda 'yan gwanjo suka wayi gari ba su da komai, ya ce tun daga nan gwamnati ta tsananta. Wace uwa ce za a ambata mata wuta, da jikoki a ɗaki, ta ce a koma?

Kuɗin dubawa sidi 150, in ji su. Ɗaya ya shige bayan injin, ɗayan ya tsare ta da hira. Can sai na bayan ya fito da dunƙulen auduga mai baƙin ƙuna a gefe yana salati: "Hajiya, Allah ne ya tsare ku, wannan da ya ƙara sati da sai dai labari." Ni ina da yaƙinin a jakarsa ya shigo da ita, domin wata guda kafin nan na share bututun tas. Suka ce bututun ƙarfe ya saɓa doka, wai ƙarfe ke riƙe zafi, dole a canza a ranar ko a ci ta tara a kuma yanke mata wuta. Sabon bututu da takardar shaida, sidi 1,200. Ta tura ta MoMo, wato asusun kuɗi na wayar hannu. Sunan da ya fito a waya kafin ta danna lambar sirri sunan wata mace ne, ba na hukuma ba. Ta tambaya, suka ce akantar ofis ce. Suka tafi da bututuna, wai za su kai shaida. Wurin masu sayen tsohon ƙarfe zai ƙare.

Kuɗin ya yi mini ciwo, amma ba shi ya hana ni barci ba. Abin da suka bari a bayan injin ne.

Tiyo ne na leda, siriri, mai zobba-zobba a ciki, kusan mita 5, suka naɗe shi kamar gammo suka tura injin ya danne shi da bango. Na san wasu injinan Ingila da tiyonsu suke zuwa daga kamfani, amma wannan gajere ne, an yi shi don zafi, kuma miƙe shi ake yi. A waje suka cire murfin suka ɗaure ragar sauro a bakin ramin, suka ce mata don ɓera da ƙadangare. Wanda bai san aikin ba zai ga kamar dabara ce. Ku fahimci yadda abin yake: duk kayan da ke juyawa a cikin draya suna zubar da ɓurɓushin zare, mai laushi kamar audugar rimi. Rariyar da ke bakin ƙofa tana kama mafi yawa, ragowar yana bin iska ya fita. Idan cikin bututu sumul yake, ya wuce abinsa. Idan zobba ne da lanƙwasa, a kowane lungu sai ya maƙale, danshi ya manne shi. Ragar sauro kuwa cikin 'yan kwanaki take toshewa ta koma kamar bargo. Iska mai zafi ta rasa hanyar fita, zafi ya taru a ciki, ɓurɓushin ya koma kusa da ƙarfen da ke yin ja, kuma abu ne da ke kamawa da ƙyas ɗaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Bayan sati biyu kaya suka daina bushewa a zagaye ɗaya, saman injin ya riƙa zafi har ba a iya ɗora hannu, ɗakin ya yi gumi. Sai injin ya mutu. Mutuwar nan rahama ce: akwai wani ɗan fis a ciki da aka yi shi don ya katse wuta idan zafi ya wuce kima. Gwaggo, saboda kunyar kada in ce me ya sa ba ta kira ni tun farko ba, sai ta kira lambarsu. Ɗaya ya dawo, ya cire fis ɗin, ya haɗa wayoyin biyu kai tsaye ya naɗe da salatif, ya karɓi sidi 200. Injin ya tashi, ta yi masa godiya har da ba shi ruwan sanyi. Wato ya cire abu ɗaya da ya rage tsakanin gidan da gobara.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gaishe ta. Tun daga tsakar gida na ji ƙauri. Na ce, "Gwaggo, me ke ƙonewa?" Ta ce, "Ɗan nan, ai tun da aka gyara haka yake yi, sun ce sabon bututu ne." Na ruga na kashe soket na zare fulogi. Da na buɗe bayan injin, ɓurɓushin da ke kusa da ƙarfen zafi ya riga ya yi launin ƙasa, tiyon ya fara narkewa a wuya. Na zauna a ƙasa na yi shiru, domin a ɗakin da ke jikin wannan bango jikoki uku ke kwana, kuma ta saba kunna injin da dare ta kwanta.

Da na bi maƙwabta ina tambaya, na samu gida uku a layin da suka shiga. A ɗaya sun karɓi kuɗin share bututu, alhali injin gidan irin wanda ba shi da bututu ne kwata-kwata: yana mayar da tururi ruwa ya tara a wata gora da ake zarowa a zubar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku su wane ne.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe zancen gobarar draya ƙarya ce. Gaskiya ce, shi ya sa damfarar ke ci. A Ingila kamfanin Whirlpool ya amsa a 2015 cewa wasu injinan Hotpoint, Indesit da Creda da aka ƙera daga Afrilun 2004 zuwa Satumban 2015 suna da matsalar ɓurɓushi na taɓa ƙarfen zafi, kuma a 2019 aka yi kiran a dawo da waɗanda ba a gyara ba. Waɗanda aka gyara ana manna musu ɗigon kore a ƙofa ko a baya. Mu da muke sayen na hannu daga Turai ya kamata mu duba wannan kafin mu biya.

Dubawar gaske ba ta buƙatar baƙo mai fayil. Kunna injin ka fita waje ka sa hannu a bakin bututu: idan iska mai ɗumi na bugun tafinka da ƙarfi, hanya a buɗe take, idan da ƙyar kake jin ta, a toshe take. Rariya a share ta duk bayan zagaye, bututu a kwance shi a share aƙalla sau ɗaya a shekara, masu shagon wanki kuwa fiye da haka. Kada a jona injin a wayar ƙari tare da firji da dutsen guga, soket nasa shi kaɗai. Kada a kunna a fita ko a kwanta. Iyayenmu mata masu tuya da masu sayar da waakye (shinkafa da wake), tsumman da ya sha mai ko man kaɗanya kada ya shiga draya, ko an wanke. Mai ba ya fita duka, kuma idan aka tara shi da zafinsa yana iya kamawa da kansa. Wanda nasa na gas ne haɗarinsa biyu, don toshewar bututu na iya dawo da iskar guba marar wari cikin ɗaki.

Takardar shaidar kariya daga gobara hukumar kashe gobara ta Ghana ce ke bayarwa, a ofishinta ake nema, ba daga jaka ake zaro ta a cike a tsakar gida ba. Duk wanda ya zo da sunanta, a bar shi a bakin ƙofa, a tambayi ofishin da ya fito, a aika yaro ko a je a tabbatar. Ma'aikacin gaske ba zai ji haushin wannan ba. Kada a tura kuɗi zuwa sunan mutum. Idan wuta ta tashi, 192 ko 112.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da saƙon MoMo da takardar bogin, mun kuma sanar da kamfanin waya. Lambar tasu a kashe take yanzu. Na roƙi limaminmu ya yi sanarwa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa, kuma na san wasu sun yi shiru ne don kunya, kamar yadda Gwaggo ta yi. Babu abin kunya. Mutanen nan sun iya baki.

Roƙona ga wanda suka riga suka shiga gidansa: kada ka sake kunna injin nan daga yau. Zare fulogi, jawo shi daga bango, cire tiyon da suka sa, kwance ragar da ke waje. Sannan ka kira mai gyaran da ka sani, wanda ka san shagonsa, ka ce masa ya buɗe baya ya duba ko fis ɗin zafi yana nan a wurinsa.