Ajin tai chi na asuba a Asawase: motsi kaɗan, gyara da yawa

Ajin tai chi, wato motsa jikin Sinawa da ake yi a hankali, yana zama a filin wata makaranta a Asawase, Kumasi, bayan sallar asuba, ana kuma tashi kafin 'yan makaranta su fara shigowa. Duk wanda ya zo da burin haddace motsi 24 na salon tai chi na gidan Yang, waɗanda aka tsara a Beijing a 1956, cikin wata guda, zai tafi da takaici. Malamin ba ya ƙara sabon motsi sai na baya ya zauna a jiki, kuma a ganinmu nan ne ajin ya ciri tuta.

Minti goma na farko tsayuwa ce kawai. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaban ƙirji kamar an rungumi tulu. Numfashi ta hanci, ciki ne ke tasowa, ba ƙirji ba, hankali kuma yana ƙasan cibiya da kimanin yatsu uku. In kafaɗa ta fara zafi bayan minti biyu, ba rauni ba ne, ɗage ta aka yi ba a sani ba. A sake ta, gwiwar hannu ta ɗan sauka.

Inda malamin ya fi ɓata lokaci shi ne taku, kuma yana da gaskiya, domin yawancin ciwon gwiwar masu koyo daga nan yake. Diddige ne ke fara taɓa ƙasa, sannan nauyi ya bi a hankali har kimanin kashi 70 ya koma ƙafar gaba. Gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kada ta faɗa ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya ƙafa alhali nauyi na kanta: tafin ya maƙale a ƙasa, gwiwa ce ke murɗewa. Sai an mayar da nauyi baya, a juya kan diddige, sannan a dawo. Masu koyo a bidiyon waya ba kasafai suke lura da wannan ba, hannu suke kallo.

Ko a qigong, wani motsa jikin Sinawa da ake haɗawa da numfashi, malamin ba ya gaggawa: daga motsi takwas na jerin da ake kira Baduanjin, biyu ake farawa da su.

Akwai abin gyara. Ɗalibai sun yi wa malami ɗaya yawa, na sahun baya, galibi iyaye mata, ba sa samun gyara sosai. Da an sa wata tsohuwar ɗaliba ta kula da su da ya fi. Filin siminti ne, don haka a zo da kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, silifa tana zamewa. Lokacin hunturu ƙura tana damun masu asma. Mai hawan jini ko tsohon ciwon gwiwa ya faɗa wa malam tun ranar farko, ya rage durƙuso, kada kuma ya ajiye maganin asibiti.