Magangarar ruwa ta silba: bakin ya yi, famfon ne sai a hankali

Irin saitin nan ne da ke zuwa a kwali ɗaya, bakin silba mai faɗin santimita 30 da ruwa ke zubowa ta cikinsa, famfon da ke tura ruwan sama da tiyo, shi na haɗa wa ɗan tafkin kifin da ke lambuna. Bakin kam ba laifi, ƙarfen na da kauri, har yanzu ban ga tsatsa ba, kuma in ruwa ya ishe shi yana saukowa shimfiɗe kamar gilashi, ƙarar ma mai daɗi ce ba mai hana barci ba.

Matsalar duk tana gun famfon. A kwali an rubuta lita 3,000 a awa, amma fa wannan lissafin na famfon da bai ɗaga ruwa sama ko kaɗan ba ne, da zarar ka ɗora bakin kan duwatsu kusan mita ɗaya sai ƙarfin ya faɗi, ga tiyon da suka haɗo siriri, shi ma yana cinye nasa rabon, ƙarshe sai ka ga ruwan yana lallaɓowa yana bin ƙasan bakin yana ɗiga a jikin dutse. Masu wannan aikin suna lissafa kusan lita 1,500 a awa ga kowane santimita 10 na faɗin baki, kenan wannan yana son wajen 4,500 kuma a can saman, ba a ƙasa ba. To me ya sa za a haɗa shi da ƙaramin famfo? Da na sa babba da tiyo mai milimita 32 nan take abun ya canza.

Wajen kafa bakin a sa lebur, wato abun gwada ko ya zauna daidai, don Allah kar a ce ido ya isa, in ya ɗan karkace duk ruwan gefe guda zai koma. Ledar tare ruwa da ake shimfiɗawa ƙarƙashin duwatsun kuma ta hau kan ledar tafkin ta sauka ciki, in ba haka ba ruwa zai dinga zurarewa ta baya kana ta neman inda yake yoyo. Famfo can ɗaya ƙarshen tafkin za a ajiye shi, ruwan ya samu zagayawa, kifin ma sun fi samun iska. Wutar famfon kuwa sai da birekar RCD, mai yanke wuta nan take in ta fara zurarewa, wannan ba abun wasa ba ne.

Soson da ke tace datti a famfon yana saurin toshewa da gansakuka, sai an dinga wankewa. In zaka saya ka nemi bakin shi kaɗai, famfo ka zaɓa da kanka bayan ka auna tsayin.