Hitar gas mai hura iska a ɗakin 'yan tsaki: aiki kam tana yi, amma garantinta sai a hankali

Masu kiwon kaji, tunda sanyi ya fara leƙowa bari in faɗi abin da na gani game da hitar gas ɗin nan mai kama da bakin igwa, wadda fanka ke hura iska mai zafi ta gabanta. Ni mai kilowat 30 na saya a wani shago a Kano, na kai ta gonata a wajen Zariya, kuma hunturun bara gaba ɗaya da ita na yi raino. Idan a taƙaice kake so, wajen zafi ba ni da ƙorafi ko kaɗan, wajen shan gas sai dai haƙuri, wajen garanti kuwa nan ne maganar take.

Duk wanda ya taɓa rainon buroila a Disamba ko Janairu ya san wahalar. Ɗan tsako a satin farko yana son zafi wajen digiri 32 zuwa 35 a daidai inda yake tsaye, sai ka riƙa ragewa kamar digiri 3 duk sati, alhali da asuba a nan wajenmu sanyi na iya sauka ƙasa da 15, mutanen Jos kuwa ba a magana. Kafin hitar nan da kurfoti da gawayi muke yi, yaro ya kwana yana fifita wuta yana ƙara gawayi, gefe ɗaya ya yi zafi gefe ɗaya ya yi sanyi, da safe ka tarar sun taru a kusurwa sun danne juna wasu sun mutu. Wannan hitar kana kunna ta cikin 'yan mintuna ɗakin ya ɗauka, kuma zafin ya bazu ko'ina saboda fankar tana tura shi. Za ka gani a jikin tsakin ma ba sai ka duba ma'aunin zafi ba, sun watsu a kan diddigar katako, wannan na cin abinci wancan na shan ruwa wani ya miƙe ƙafa yana barci, babu wannan kukan tsiyau-tsiyau ɗin mai tada hankali. Wani abin da ya burge ni, gas in ya ƙone yana fitar da danshi, kilo ɗaya na ba da ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi a cikin iska, to a bushewar hunturu wannan taimako ne ga tsaki a kwanakin farko. Amma fa in ka rufe ɗakin ruf, shimfiɗa za ta jiƙe warin kashi ya tashi ya riƙa yin yaji a ido.

Gas kuma tana sha, kar wani ya ruɗe ka. In ka buɗe ta har ƙarshe tana cin kilo 2 da ɗoriya a awa, wato tukunya mai kilo 12.5 ba za ta kai awa 6 ba. Kuma ƙaramar tukunya ma ba ta iya ɗaukarta, kana cikin aiki sai ka ga jikin tukunyar ya yi raɓa, can ƙasa ya yi fari da ƙanƙara, wutar ta fara ja da baya alhali in ka girgiza akwai gas a ciki. Dalili shi ne ana jan gas ɗin da sauri fiye da yadda ruwan cikin ke iya zama iska, sai tukunyar ta yi sanyi ƙarfin ya faɗi. Maganinsa babbar tukunya mai kilo 50 ko a haɗa biyu. Na ji wasu na cewa wai a matso da tukunyar gaban hitar ta ɗan ji ɗumi, don Allah kar ka yi, wannan neman gobara ne da kuɗinka.

Yanzu maganar tsaro, wadda yawancinmu littafin da ke cikin kwali ma ba ma buɗewa. Irin wannan hitar ba ta da bututun hayaƙi, duk abin da ya ƙone a cikin ɗakin yake zama, iskar da kaji ke shaƙa ita ce dai wadda ta bi ta kan wutar. Shi ya sa aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba ta ɗakin kwana ba ce, ba ta gida ba ce, sai wurin aiki mai shigar iska. Littafin tawa ya ce a bar kafar iska murabba'in santimita 25 ga kowane kilowat, wato tawa tana son kamar 750, ramin da bai gaza tsawon rula ta ɗalibai a kowane gefe ba sosai. Mu kuma al'adarmu da hunturu a lulluɓe ɗaki da tamfol da leda ko allura ba za ta shiga ba. In iska ta yi ƙaranci wutar ba ta ƙonewa sosai, sai ta fara fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai mai kashe mutane in sun kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. Ka riƙa duba harshen wutar, shuɗi ake so, in ya koma ruwan ɗorawa yana lilo akwai matsala. Yaron da ke kwana a gona na hana shi shimfiɗa tabarma a cikin ɗakin raino komai sanyi, na kuma sayi ɗan alam mai batir da ke ƙara in iskar ta taru, kuɗinsa bai kai na buhun abinci ba.

Abu biyu na tsaro a jikinta na gwada su da kaina kuma suna aiki. Na farko in wutar ta mutu, akwai ɗan ƙarfe a bakin wutar da ke jin zafi, da ya huce sai gas ya yanke. Na biyu in NEPA sun ɗauke wuta fanka ta tsaya, bawul ɗin lantarki na rufe gas nan take, don in ba haka ba wuta na ci babu mai hura ta, jikin hitar zai gasu. Ka gwada waɗannan a shago kafin ka biya, ka ce a kunna sannan a zare soket a gabanka. Sai dai nan ma akwai cikas, tawa irin wadda ake kunnawa da hannu ce, ka danna maɓalli ka riƙe, to in wuta ta ɗauke ƙarfe 3 na dare ko ta dawo hitar ba za ta tashi da kanta ba sai mutum ya je. Akwai mai tamostat da ke kunna kanta tana kashe kanta, ta fi tsada amma ta fi tsimin gas, in kana da hali ita za ka ɗauka. Fankar dai ba ta cin wuta sosai, ƙaramar inbata da batir na riƙe ta har gari ya waye.

Regileta, wato kan da ake ɗaura wa tukunya mai daidaita ƙarfin fitar gas, ita ma abin lura ce. Ta girki ta gida ƙarfinta wajen miliba 30 ne, wannan hitar kuwa mai ƙarfin miliba 1,500 take so, wato ninki kusan 50, ba a musanya su. Ka yi aiki da wadda ta zo a kwalin da tiyonta, duk haɗin da ka yi ka shafa masa ruwan omo, in ya yi kumfa gas na fita. Tukunya a tsaye, a bayan hitar ko ma a waje, gaban hitar kuma kar a bar tamfol ko buhu ko diddigar katako kusa, ni bulo na jera na ɗora ta a kai na sa waya ta kewaye don kar tsaki su matso. Tukunyar kashe gobara mai hoda a rataye bakin ƙofa. Ka kuma duba shekarar da aka buga a wuyan tukunyar gas ɗinka, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ce shekara 15 ne wa'adinta.

A jikin kwalin akwai tambarin CE, alamar da ke nuna kaya sun cika ƙa'idar Turai, littafin ya ambaci EN 1596, wato ƙa'idar Turai ta irin waɗannan hitocin gas masu ɗaukuwa. To buga tambari a kwali ba wuya ba ne. Kayan da aka shigo da su Najeriya irin wannan akwai takardar shaidar inganci ta SON, wato SONCAP, da ya kamata mai shigowa ya samu, da na tambaya yaron shago ya ce tana wajen oga a Legas. Abin da za ka iya dubawa da idonka shi ne farantin jikin hitar, ya nuna kilowat, irin gas, ƙarfin gas, wuta 220 zuwa 240, da lambar siriyal, kuma lambar ta yi daidai da ta kwali. Wadda ba ta da faranti ko littafi ko nawa aka rage maka ka bar musu abinsu.

Toh garanti. Da baki aka ce min shekara ɗaya, "ko me ya same ta Alhaji ka dawo da ita". A takarda ma wata 12 ne, amma sai ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Tiyo da regileta da abin ƙyasta wuta da ɗan ƙarfen da ke jin zafi duk ba sa ciki, an ce kayan da ke cinyewa ne, alhali su ne suka fi lalacewa. Lalacewar da hawa da saukar wutar lantarki ta jawo ba ta ciki. Lalacewar ƙura ko rashin shara ba ta ciki. In wani wanda ba nasu ba ya kwance ko kusa ɗaya, garanti ya tashi. In ka sa wata regileta, ya tashi. Kuɗin motar kai ta wajen gyara da dawo da ita naka ne. Asarar da ta biyo baya, wato in ta mutu cikin dare tsaki 1,000 suka bi ta, ba ruwansu. Yanzu ka faɗa min, a ƙasar nan wace gona ce ba ta aiki da janareta, kuma wane ɗakin kaji ne babu ƙura a cikinsa, ballantana da hunturu? Takardar kamar an rubuta ta ne don wani sito mai tsabta a Turai inda wuta ba ta ko ƙiftawa.

Tawa a tsakiyar sanyi fankar ta fara gurnani ba ta juyawa sai an taɓa ta da tsinke. Na ɗauke ta na kai shagon da rasit. Mai shagon ya leƙa bayanta, ya sa yatsa ya shafo ragar, ya nuna min farar ƙura da 'yan gashin tsaki.

"Alhaji ai ka gani, ƙura ce. Kuma da janareta kake kunna ta ko?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da na zo saye na ce maka ɗakin kaji zan saka, kai ka ce ita ce daidai. Da sitabilaiza nake haɗa ta, ga hoton yadda na kafa ta a wayata."

Ya ce shi ba shi ke yankewa ba sai an tura Legas, kuma ba zai iya cewa ga ranar dawowa ba. Ni kuma ga tsaki a ɗaki. Da ƙyar da magiya da sa bakin wani maƙwabcinsa ya yarda makanikin da suke hulɗa da shi ya buɗe a nan Kano ba tare da garantin ya tashi ba, aka samu ɗan kafasitan da ke tada fankar ne ya mutu, abin da bai taka kara ya karya ba. Mai shagon ya ba da kayan, ni na biya kuɗin aiki, na sa ya rubuta a bayan rasit ya buga hatimi cewa da izininsa aka buɗe. Daren da ba ta nan kurfoti muka koma, shi ya sa nake cewa kar ka kyautar da kurfotinka don ka sayi hita.

Gaskiya ba zan ɗora musu laifin duka ba. Yawancin sharuɗɗan nan in ka duba su ne dai ƙa'idojin tsaro, regileta daidai, shara, kar ɗan koyo ya taɓa bawul ɗin gas. Na taɓa ganin hitar wani da makanikin unguwa ya cire mata abin yanke gas wai yana damunsa da mutuwa, ya haɗa kai tsaye, irin wannan ko ni ne kamfani ba zan karɓa ba. Inda nake ganin rashin adalci shi ne a sayar maka da abu ana sane da inda za ka kai shi, sannan ranar matsala a fake da wannan wurin. Kuma rubutun nan da ake mannawa a shaguna cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta ba ka damar mayar da kaya in yana da aibu ko yana da haɗari, kana iya kai ƙara can in abin ya ƙi. Amma duk wannan sai da rasit, rasit ɗin kuma mai kwanan wata da lambar siriyal da hatimi, ba guntuwar takardar da aka rubuta "hita ɗaya" kawai ba.

In za ka saya, kafin kuɗi su bar hannunka ka sa a rubuta a rasit cewa don ɗakin kaji ne, ka tambayi wa ke gyara kuma a wane gari yake, ka tambaya ko suna da kayan gyara a ƙasa. Kullum da safe bayan ta huce a goge ragar baya da buroshi, duk ƙarshen zagayen raino a hure cikinta da iska. Mai tsaki 200 ko 300 ba ya buƙatarta, ƙaramar hitar gas mai kamar laima ta ishe shi kuma ba ta son wutar lantarki. Mai 1,000 zuwa sama, wanda ke da tukunya babba da inbata, zai ji daɗinta. In maki ne, zafi na ba ta 5 cikin 5, shan gas 3, garanti 2, shi ma don mai shagon ya yi kara ne daga ƙarshe.