Buhu, tukunya ko ragowar tuwo: me za ka ciyar da karen da kake horarwa?

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Hayin Dogo da ke Zariya ya same ni da ƙorafi a kan karen da ya sayo don gadin gidan gonarsa. Ya ce, "Malam, wata uku ina fama da shi, ko 'zauna' ya ƙi koya. Anya ba cutata aka yi ba?" Na tambaye shi me karen yake ci. Ya ce abin da ya rage a gida. Na ce ƙarfe nawa? Ya ce duk lokacin da aka samu. Tun kafin in ga karen na gane inda matsalar take.

Na daɗe ina ajiye karnuka saboda gadin kaji, kuma abin da na fahimta shi ne, horon kare a kan cikinsa yake tafiya. Kare yana maimaita abin da ya jawo masa lada, ladan da ya fi ganewa kuwa ita ce loma. Idan ya zauna ka miƙa masa ɗan abin taunawa nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, zai haɗa zaman da lomar. To karen da kwanonsa ke cike dare da rana, me zai sa ya kula da abin da ke hannunka? Wanda kuma yunwa ta gallaba, hankalinsa ba ya kanka, wawura kawai yake yi, har ya fara yi wa yara gurnani a kan kwano. Don haka kafin ka zaɓi abinci, tambayi kanka abu biyu: zan iya auna shi, kuma zan iya samar da shi kullum ba fashi?

Ragowar abincin gida ita ce mafi araha, ita ce kuma na fi hana mutane. Ba don tuwo ko shinkafa na da illa ba. Miyar ce matsalar. Da wuya ka samu miyarmu ba albasa, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe, kuma illar tana taruwa a hankali har ka ga karen ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari. Ga gishiri da magi da barkono. Ga ƙashin kaza dafaffe, wanda ke tsagewa ya yi tsini ya soki maƙogwaro ko hanji. Sannan yau tuwo, gobe taliya, jibi ba komai. Cikin kare ba ya son irin wannan canji, sai zawo. Karen da cikinsa ke murɗawa ba zai tsaya ya saurare ka ba, kuma ba za ka iya koya masa inda zai riƙa bayan gida ba tunda shi kansa bai san lokacin da zai matse shi ba.

Akwai kuma burbushin taliyar yara da wasu ke sayarwa a buhu da sunan abincin kare. Yana cika ciki, amma gari ne da mai. Idan ba ka haɗa shi da nama ko kifi ba, ƙiba ce kawai babu ƙarfi.

Sai abincin buhu, wato busassun ƙwayoyin nan da kamfanoni ke yi. Akwai na waje irin su Royal Canin da Pedigree, akwai na gida kamar Binggo da kamfanin Grand Cereals ke yi a Jos. Ta fuskar horo, babu wanda ya kai shi sauƙi. Ka auna na yini da gwangwani, ka ɗebi kashi ɗaya cikin uku ka zuba a aljihu, da shi za ka riƙa biyan karen duk lokacin da ya yi daidai, sauran kuma a kwano. Bai ci fiye da ƙa'ida ba, kuma ya yi aiki kafin ya ci. Idan za ka saya, juya buhun ka karanta bayansa. Ma'aunin da ake bi a Amurka ya ce sinadarin gina jiki kada ya gaza kashi 18 cikin 100 ga babban kare, kashi 22.5 ga kwikwiyo mai tasowa. Duba abin da aka fara lissafawa cikin kayan haɗin, nama ne ko hatsi, sannan duba ranar lalacewa. Na kwikwiyo daban yake da na babba, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Aibinsa biyu. Na farko tsada, musamman na waje da ke bin farashin dala. Kuma babu amfanin ka fara da buhu mai tsada wata biyu sannan ka koma ƙanzo. Na biyu ajiya. Na taɓa sayen na awo, wanda aka buɗe buhu ana sayarwa mudu-mudu, a tsakiyar damina. Karnukana suka sunsuna suka juya baya, da na duba da kyau sai ga fumfuna a ƙasan ledar. Allah ne ya kiyaye, domin gubar da fumfuna ke sakawa a masara da gyaɗa tana kama hantar kare, tana kuma kisa. Tun daga ranar ba na sayen buhun da ba ni na buɗe shi ba, kuma ina juye shi a bokiti mai murfi, nesa da ƙasa.

Hanya ta uku ita ce tukunyar kare ta kansa, kuma ita na fi ganin ta dace da yawancin masu kare a Zariya. Tsakin masara ko shinkafa, a dafa da kayan ciki ko naman kaza marar ƙashi ko kifi, a jefa kabewa ko karas, wani lokaci dafaffen ƙwai, ba gishiri ba albasa. A Kasuwar Sabon Gari da ta Samaru duk za ka haɗa waɗannan, mahauta kuma idan kun saba za su riƙa ajiye maka tumbi da huhu. Amma a nan akwai abin da nake roƙon kowa: a dafa kayan cikin su nuna sosai. Huhu ko hantar da ke da ƙulluttukan ruwa, waɗanda mahauci ke yankewa ya jefar, su ne ke sa wa kare wata tsutsar ciki, ƙwayayenta su fita a kashinsa, su kama tumaki da shanu har da mutane, musamman yaran da ke wasa a tsakar gida. Kada a jefa wa kare irin wannan ko da kyauta ne.

Raunin tukunya shi ne daidaito. Nama da hatsi kaɗai ba su da isasshen sinadarin ƙashi, kuma kwikwiyon manyan karnuka irin su Jaman Shefad ko Rotwaila, ƙarancin sinadarin nan na lanƙwasa masa ƙafa, yawansa ma na ɓata masa gaɓoɓi. Shi ya sa ga kwikwiyo nake cewa a daure a sayi na buhu har ya kai shekara, ko a je Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a nemi likita ya tsara haɗin. Muna da wannan gata a gari, bai kamata mu riƙa kintace ba. Karen gida na Hausa ya fi juriya, amma juriya ba ta nufin ba ya buƙata.

Abin lada kuwa, ba sai ka sayi biskit ɗin kare ba. Dafa hanta, yanka ta ƙanana kamar ƙwayar wake, shanya ta ta bushe. Ban ga karen da ya ƙi ta ba. Ajiye ta don darasi mai wuya, kamar kiran "zo" alhali ya hango akuya. Kada dai irin wannan lada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, hanta in ta yi yawa ita ma tana da illa. Kilishi da tsire ba na kare ba ne saboda yajinsu. Haka goro, cakulan da inabi.

Wani dattijo mafarauci a wajen Basawa ya taɓa ce mini, "Yaro, karen da ka ƙosar da safe ba ya bin sawu." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma da daddare fa?" Ya ce da daddare sai ya ci ya bari. Wannan shi ne bambancin ɗan marmari da horo da yunwa. A yi darasi kafin cin abinci, minti biyar zuwa goma, sannan a ba shi kwanonsa. Babban kare sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu, a lokaci guda kullum. Abin da bai cinye ba cikin kwata ɗaya a ɗauke. Babban kare mai zurfin ƙirji kada a sa shi gudu da cikakken ciki, domin tumbinsa na iya kumbura ya murɗe, kuma abin na kisa cikin sa'o'i.

Masu cewa a hana karen gadi abinci, ko a zuba masa barkono ko wiwi don ya yi zafi, ina roƙonsu su bari. Zalunci ne ga dabbar da ke hannunka amana, kuma abin da za ka samu kare ne mai tsoro da cizon kowa, ciki har da 'ya'yanka. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda in ka ce "bari" zai bari.

Duk abincin da ka zaɓa, kada ka canza dare ɗaya. Riƙa cakuɗa sabon da tsohon, kana ƙara sabon kaɗan-kaɗan har mako guda. Ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata hannunka ya ji ƙasusuwan ba tare da idonka ya ƙirga su daga nesa ba. Idan yana ci sosai amma yana ramewa, ko ba ya marmarin ko hanta, daina zargin abincin, kai shi a duba tsutsar ciki da ciwon kaska. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kan ganiyarsa, mayar da darasin bayan sallar asuba ko gab da magariba, kuma kwanon ruwa kada ya bushe, musamman ga mai cin na buhu.

Maƙwabcin nawa tukunya ya zaɓa, da kwano sau biyu a rana da hanta a aljihu. Ranar Juma'ar da ta wuce na bi ta gonar, na tarar da ƙaramin ɗansa yana ce wa karen "zauna", karen kuma yana zaune yana kallon hannun yaron.