Allon Zero Delay da na saka a akwatin gem ɗina, bayan wata huɗu ana dukansa

Tun da na ɗora hoton akwatin gem ɗin da muka haɗa ni da kafintan layinmu a Samaru mutane ke ta tambayata wai me na sa a ciki da ke haɗa maɓallan da kwamfuta, to ga bayanin nan gaba ɗaya, kowa ya huta.

Da farko dabarar talaka na so yi, in farke tsohon kibod in jona wayoyi a jikinsa. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ya ce min Malam kar ka soma, kibod ɗin banza in ka danna maɓalli uku huɗu lokaci guda sai ya haɗiye wasu, to ina ga mutum biyu suna dambe a Street Fighter II kowa da maɓalli shida ga sandar juya ɗan wasa. Gaskiya ya faɗa. Sai zaɓi ya rage tsakanin allon I-PAC 2 na kamfanin Ultimarc da ke Ingila da ɗan ƙaramin allon nan na Chana da ake kira Zero Delay, wanda ba kamfani ɗaya ke yinsa ba, kowa bugawa yake yana sayarwa. Da na haɗa kuɗin I-PAC da kuɗin turowa na juya shi zuwa naira sai na ji jikina ya yi sanyi, na yi odar Zero Delay guda biyu, don kowane ɗan wasa allonsa daban.

Abin da ya burge ni shi ne ba ruwanka da solda. Allon na zuwa da wayoyinsa, kowane maɓalli waya biyu da ɗan farin soket, ka cusa a allo ka cusa ɗaya bakin a ƙafar maɓalli shikenan, yana ɗaukar maɓalli har 12 ban da sanda. Ka jona USB kwamfuta ta gan shi a matsayin hannun gem, ba sai ka saka wata manhajar direba ba, ni a 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi mai manhajar tsofaffin gem ta RetroPie na sa shi kuma nan take ya hau. Maganar jinkiri kuwa sunan dai talla ne, babu na'urar da ba ta da jinkiri ko kaɗan, amma wallahi ni ban taɓa jin na danna abu ya makara ba, ƙannena ma da suka fi ni zafin hannu ba su yi ƙorafi ba.

Yanzu inda na sha wuya, kuma nan nake so ku buɗe kunne. Bakin wayoyin nan iri biyu ne, akwai mai faɗin milimita 2.8 na maɓallan Japan irin Sanwa, akwai mai 4.8 na maɓallan salon Amurka masu makunni a ƙasa. Ni ban duba ba, na sayi maɓallan Amurka wayoyina kuma suka zo ƙanana, haka na zauna da filaya ina yanke baki ina matsa sabo har bayan isha'i. Laifina ne, amma ku duba kafin ku biya. Ramin ma haka, Sanwa milimita 30 yake so, na Amurka 28, ka faɗa wa kafinta tun kafin ya huda katakon don in ya huda ba a mayarwa.

Sannan makunnin ƙasan maɓallan Amurkan nan ƙafa uku gare shi, an rubuta COM da NO da NC. Waya ɗaya a COM ɗaya a NO. In ka sa a NC gem zai ɗauka kana danne da maɓallin har abada, ni haka ɗan wasana ya yi ta tsalle shi kaɗai kamar mai aljanu sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da mitar gwada wuta. Wani abin kuma, a bidiyoyin YouTube za ka ga ana jan baƙar waya guda ɗaya ta bi duk maɓallan kamar carbi, wannan tsarin I-PAC ne mai dunƙulallen gurawun, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta guda ɗaya ce ga duk maɓallan. Da yawa daga allunan Zero Delay wayar da maɓallan suka yi tarayya a kai ta wuta ce, ba gurawun ba, don haka kar ka yi masa carbi, bar kowane maɓalli da wayoyinsa biyu yadda suka zo.

Babban aibinsa a wurina shi ne alluna biyun suna ɗaya gare su a idon kwamfuta. Wani lokacin in an ɗauke wuta aka dawo na kunna, sai ɗan wasa na ɗaya ya koma na biyu, na hagu yana juya na dama, yara su hau musu. Abin da ya rage min matsalar shi ne na daina canza musu ramin USB, na manna salatif na rubuta 1 da 2. I-PAC 2 ba shi da wannan ciwon kan don allo ɗaya ne mai mashiga 32 da ke ɗaukar mutum biyu, kuma yana zuwa a matsayin kibod da maɓallan MAME, manhajar kunna tsofaffin gem, a shirye, ga sukurori na ɗaure waya maimakon soket.

Af, sandar ma a kula. Pac-Man na 1980 hanya huɗu aka yi shi da ita, in sandarka mai takwas ce za ka ga yana ƙin shan kwana, ba laifin allon ba ne, farantin ƙasan sandar ake juyawa ta koma mai hanya huɗu in irin Sanwa JLF ce.

Ni dai in akwatinka na farko ne kuma aljihu ba nauyi, sayi Zero Delay, ka ƙara ɗaya na ajiya tunda araha ne kuma kafin wani ya iso Zariya sai ka yi makonni kana jira. In kuwa gidan gem za ka buɗe a PZ ko Kongo inda za a wuni ana kashewa ana kunnawa, daure ka tara kuɗin I-PAC. Nawa dai ya ci ƙurar hunturu guda, sau ɗaya na buɗe bayan akwatin na hure shi na matse wani soket da ya saki.