Insuletar silikon ta layin 33kV: tana da kyau, amma ba ta son wulaƙanci

Insuleta ita ce abin da ke riƙe wayar lantarki a jikin falwaya, ta kuma hana wutar bi ta falwayar. Wannan ta layin 33kV (volt dubu 33) sassa uku gare ta: sandar zaren gilashi a tsakiya wadda ke ɗaukar nauyin waya, rigar robar silikon mai fikafikai, sai ƙarfe a kowane baki da aka matse da inji. Wadda muke magana a kai ita ce mai jure jan da ya kai 70kN, wato kusan nauyin tan bakwai.

Rashin nauyi ne farkon abin yabo. Ba ta cika wuce kilo 3 ba, alhali insuletar tangaran mai jerin faranti uku ta haura kilo 10. Mai hawa falwaya ya san bambancin. Jifa da dutse ma ba ya farfasa ta.

Amma inda ta yi zarra shi ne wurin ƙura da raɓa. Ruwa ba ya shimfiɗuwa a jikin silikon, ɗigo-ɗigo yake tsayawa, don haka datti bai samun jiƙar da za ta ba wuta hanyar bi ta saman insuleta. Duk da haka a auna tsawon hanyar da ke bin fikafikan kafin a saya. Inda datti ya yi yawa ana son milimita 25 ga kowane kV, kuma da 36kV ake lissafi, ƙarfin wuta mafi girma da aka tsara wa layin 33kV, wato milimita 900. Kusa da teku ko masana'antar siminti a nemi milimita 31 ga kowane kV.

Aibinta a ɓoye yake, shi ya sa ya fi ban tsoro. Idan hatimin da ke tsakanin roba da ƙarfe ya buɗe, danshi ya shiga, tartsatsin wuta ya haifar da asid, sai asid ɗin ya riƙa cin zaren gilashin a hankali har sandar ta karye farat ɗaya, waya ta faɗo. Maganinsa a nemi mai sandar gilashin ECR, irin gilashin da ke jure asid, a kuma duba bakin hatimin ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗaura.

Sau da yawa lalacewarta daga hannun ma'aikata take farawa. Kada a taka ta, kada a murɗa ta wajen jan waya, kada a ɗaura igiya a kan fikafikan. A ma'aji kuwa ɓeraye na gaigayar robar, a bar ta cikin kwalinta.

Ana gwada tsufanta da feshin ruwa bayan an kashe layi an haɗa shi da ƙasa. In ruwan ya shimfiɗu, ko robar ta yi fari tana tsattsagewa, a shirya canji. Wadda sandarta ta bayyana kuwa a sauke ta a ranar.