Rini Ko Furotin: Da Wanne Za Ki Kalli Kalsiyam A Cikin Ƙwayar Halitta Mai Rai?

'Yar'uwa, kin ce kina renon ƙwayoyin halitta a faranti, kina son ki ga ko kalsiyam yana hawa a cikinsu idan kin zuba musu wani magani, kuma kin rasa na ɗauka tsakanin rini mai ƙyalli irin su Fluo-4 da Fura-2, da furotin mai ƙyalli irin GCaMP. A aikin da kika kwatanta, ni dai da rini zan ce ki fara. Amma bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa, don ran da tambayarki ta sauya, amsar ma sauyawa za ta yi.

Aikinsu ɗaya ne. Ana haska su da wani launi, su mayar da wani launin dabam, kuma ƙyallin yana sauyawa da zarar sun kama kalsiyam. A cikin ƙwayar da ke hutawa, kalsiyam ɗin da ke yawo bai wuce kusan nanomola 100 ba, a waje kuwa ya ninka haka sau dubu goma ko fiye. Shi ya sa ko ɗan buɗe ƙofa ƙwayar ta yi, sai ki ga wuri ya haska.

Daga hanyar shiga suka rabu. Rinin yana ɗauke da caji, don haka ba ya iya ratsa fatar ƙwaya. Roger Tsien ne ya kawo dabarar a 1981: a lulluɓe cajin da wani sinadari, wanda shi ne "AM" ɗin da kike gani a jikin kwalbar. A haka rinin ke sulalewa ciki, inzayim ɗin ƙwayar su yaye masa lulluɓin, shi ke nan ya maƙale. Minti 30 zuwa 60 ya ishe ki, ki wanke, ki ɗora a kan na'ura. Kin zuba da safe, kafin tsakar rana kina da sakamako.

GCaMP kuwa ba a zuba shi, ƙwayar ce ke ƙera shi da kanta. Ƙwayar gadonsa ake shigar mata, a jira kwana ɗaya ko biyu. In a ƙwaƙwalwar ɓera ne aka shigar ta hanyar bairos, jiran makonni ne. Junichi Nakai da abokan aikinsa suka fito da shi a Japan a 2001, inda suka haɗa kalmodulin, furotin mai kama kalsiyam, da GFP, furotin mai koren ƙyalli. Shi GFP ɗin Osamu Shimomura ya gano shi a 1962 a jikin wata halittar teku mai suna Aequorea victoria, Martin Chalfie ya sa ya haska a cikin tsutsa mai rai a 1994, kuma su biyun da Tsien suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2008.

Inda rini ya fi burge ni shi ne Fura-2, wanda ya fito tun 1985 kuma har yau ana aiki da shi. Ana haska shi sau biyu, da haske mai tsawon zango nanomita 340 da kuma 380. Idan kalsiyam ya hau, ƙyallin na farko ya ƙaru, na biyu ya ragu, sai ki raba wannan da wancan. Wannan rabawar ce ke share miki damuwa da yawa: ko wata ƙwaya ta sha rini fiye da wata, ko wata ta fi kauri, lissafin yana nan daram, har ki iya ƙiyasta yawan kalsiyam ɗin. Fluo-4 da GCaMP na gama-gari ba sa ba ki wannan, hawa da sauka kawai suke nunawa. Sai dai Fura-2 yana bukatar hasken ultrabayolet, wanda ke wahalar da ƙwaya, kuma ba kowace na'ura ke da tacen da ya dace da shi ba. Ki duba taki tukuna. In shuɗin hasken nanomita 488 kawai gare ta, Fluo-4 ne naki.

Aibin rini biyu ne, kuma na gan su da idona. Ba ya zaɓe: duk ƙwayar da ke farantin sai ta sha. Sannan ba ya zama. Ƙwayar tana tura shi waje a hankali, shi ya sa wasu ke ƙara wani magani mai suna probenecid don su toshe famfon da ke fitar da shi. Akwai ranar da na bar faranti ya daɗe a ɗumin digiri 37, da na leƙa sai na tarar ƙyallin da ya kamata ya shimfiɗu sumul ya koma ɗigo-ɗigo kusa da cibiyar ƙwaya. Rinin ya shige ƙananan ɗakunan ciki, abin da nake aunawa ba shi na zo aunawa ba. Tun daga nan nake shayar da su a ɗumin ɗaki.

A nan furotin ya yi wa rini fintinkau. Kina iya sa ya fito a ƙwayoyin jijiya kaɗai, maƙwabtansu su zauna cikin duhu, ko ki liƙa masa adireshi ya tafi mitokondiriya, ɗakunan da ke samar wa ƙwaya makamashi. Tun da GCaMP6 ya fito a 2013, ya zama ruwan dare a kalli ƙwayoyin jijiya guda a ƙwaƙwalwar ɓera mai rai yau, a dawo a same su bayan makonni. Rini ba zai taɓa yi miki wannan ba. Furotin ɗin ma da nasa aibin: GFP kaɗai amino asid 238 ne, nauyinsa ya ninka na rini fiye da sau ashirin, sai da oksijin yake nuna ya fara ƙyalli, kuma wuri mai tsami irin lisosom, ɗakin narkar da sharar ƙwaya, yana dushe shi. Ga wasu ƙwayoyin da sam ba sa karɓar baƙuwar ƙwayar gado cikin sauƙi.

Akwai kuma hanyar tsakiya, HaloTag da SNAP-tag, inda furotin ke riƙe wurin, rini ya zo ya manne masa ya ba da hasken. Wannan sai wani zaman.

Abin da nake roƙonki kada ki manta: dukansu biyun kama kalsiyam suke yi kafin su haska, wato suna ɗebe wani ɓangare na abin da kike aunawa. In kin cika rini, ko ƙwayar ta ƙera GCaMP fiye da kima, hawan zai fito a daƙushe, saukar ta yi jan ƙafa. Ki yi amfani da mafi ƙarancin da zai ba ki hoto mai kyau, hasken ma ki rage shi. Ki ware faranti guda da za ki zuba wa ruwan da kika narkar da maganin kaɗai, don zubawar kanta tana iya motsa ƙwaya. A ƙarshen kowane gwaji kuma ki ɗiga ionomycin, sinadarin da ke shigar da kalsiyam cikin ƙwaya. In farantin ya haska gaba ɗaya, rininki yana aiki, kuma shirun da kika gani a baya shirun gaske ne.